Malamin Da Ba Ya Jin Turanci

Ba zan taɓa mantawa da zangon farko da na yi a makarantar Gwaggo Talatu ba, ko da kuwa Allah ya ja kwanana har na fara rikita sunayen jikokina. Mutum huɗu ne a cikin labarin ban da ni, kuma ya dace in gabatar da su tun da wuri. Akwai ita Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, wadda ta daɗe tana shugabantar makarantun firamare kafin ta yi ritaya ta buɗe tata 'yar ƙarama a harabar gidanta da ke Tirwun. Akwai Anti Rifkatu, 'yar Bogoro, abokiyar aikina, wadda ta girme ni da shekara goma, ta kuma fi ni hankali da abin da ya zarce haka. Sai Ada, yarinya 'yar shekara biyar, da mahaifiyarta wadda kowa ke kira Maman Ada, mai shagon kayan roba a kasuwar Wunti, wadda a lokacin ba ta cika shekara da zuwa Bauchi daga Kudu ba.

Ni kuwa ina ɗan shekara ashirin da biyar. Na gama digiri a fannin Hausa, na gama hidimar ƙasa, na kuma shafe wata takwas a zauren gidanmu da ke Ƙofar Wambai ina gyara wa masu shaguna rubutun allunansu a zuci. (Wani lokaci ma ba a zuci ba. Akwai wani mai gyaran waya da har yau ba ya amsa sallamata.) Don haka da Gwaggo ta aiko a kira ni, sai na ji kamar duniya ce ta gane kuskurenta game da ni.

Abin da Gwaggo ta tsara shi ne wannan. Ta lura cewa ɗan Bahaushe idan aka jefa shi ajin da ba a yin komai sai Turanci, yakan yi shekara guda bakinsa a rufe. 'Ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka zo daga Kudu kuma sukan tashi a Bauchi ba su iya komai ba sai Hausar sayen alewa. Sai ta haɗa su duka a aji ɗaya, yara goma sha takwas. Daga ƙarfe takwas zuwa goma sha ɗaya komai da Hausa ake yi, ni ke da su: ƙidaya, launuka, wanke hannu, waƙa, har da raba faɗa. Daga nan zuwa tashi, komai da Turanci, Anti Rifkatu ke da su.

"Ka ji da kyau," in ji Gwaggo ranar da ta ba ni alli. "Ba darasin Hausa za ka yi musu ba, darasi za ka yi musu da Hausa. Idan yaro bai gane ba, nuna masa da hannu, zana masa, yi masa rawa idan ta kama. Amma kada ka fassara. Da zarar sun san za ka fassara, sai su miƙe ƙafa su jira ka."

Doka ce mai kyau, kuma har gobe ina ganin kyawunta. Matsalar ita ce ta faɗa hannun mutumin da ba ya iya barin doka yadda ya same ta. Na kwana biyu ina nazari, na kai ga matsayar cewa matuƙar yaran sun san ina jin Turanci, to da shi za su riƙa yi mini magana. Mafita ita ce su yi imani da cewa ba na ji sam. Ranar farko wani yaro ya zo ya ce mini da Turanci yana son ruwa. Na zaro ido, na karkata kai, na ce, "Me ka ce, ɗan samari?" Ya maimaita. Na girgiza kai cikin alhini. Wata yarinya daga baya ta yi tsaki irin na manya ta ce, "Ruwa! Ka ce masa ruwa!" Yaron ya ce, "Ruwa." Na ba shi ruwa, na kuma ji a raina cewa na gano abin da manyan masana suka daɗe suna nema.

Kuma, a faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Kafin mako uku yaran da suka zo ba su san ko "sannu" ba sun fara kai mini ƙarar juna da Hausa. Sun yarda ɗari bisa ɗari cewa Malam bai san Turanci ba, har suna tausaya mini. Wadda ta fi kowa tausayin ita ce Ada. Kullum lokacin tara sai ta zo da wani abu, kofi ko cokali ko takalminta, ta ɗaga shi a gaban idona, ta faɗi sunansa da Turanci a hankali, ta jira. Ni kuwa sai in yi shiru irin na wanda aka yi wa tambayar da ta fi ƙarfinsa. Sai ta dafa hannuna ta ce, "Ba komai, Malam. Gobe." (Idan ka taɓa ganin gardi mai digiri yana jin daɗin yaudarar 'yar shekara biyar, to ka san irin fuskar da nake yi a lokacin.)

Anti Rifkatu ba ta ga abin dariya a ciki ba.

"Malam, ni ma fa ba na yi musu Hausa a aji," ta ce wata rana muna musayar aiki a bakin ƙofa. "Amma idan yaro ya zo ya ce mini cikinsa na ciwo, ba na tsayawa ina kallon silin. Ka bar wannan dirama taka."

"Ba dirama ba ce, Anti. Tsari ne."

"To, Allah ya ba tsari lafiya. Amma ka sani yaran nan suna kai labari gida."

Na ce mata ai hakan ma shaida ce ta nasara. Gwaggo da ta ji labari dariya ta yi, ta ce in dai yaran na koyo to madalla, amma in san inda zan tsaya. Na amsa da "to", irin "to" ɗin da ake yi wa manya.

A mako na shida, ranar wata Talata, wajen takwas da rabi, muna tsakiyar ƙidayar marafan kwalba, sai ga Maman Ada a bakin ƙofar aji. Ɗankwalinta a karkace, numfashinta sama-sama, ga keke mai ƙafa uku can bakin get yana jiranta bai kashe inji ba. Gwaggo ta tafi taro cikin gari, Anti Rifkatu kuma ba ta isowa sai goma da rabi. Ni kaɗai ne babba a wurin.

Ta fara magana da Turanci, da sauri. Ta ce mijinta ya yi haɗari a hanyar Jos da asuba, motar da ta ɗauko masa kaya ce ta kife, an kai shi asibiti can, yanzu za ta tafi tasha. Ta ce ba ta san kwana nawa za ta yi ba. Maƙwabciyarta ta yarda Ada ta riƙa kwana a wurinta, amma ba ta dawowa daga kasuwa sai magariba. Shin makaranta za ta iya riƙe yarinyar daga tashi zuwa yamma, na 'yan kwanaki kawai? Ba ta da kowa a garin nan.

Ina so in faɗi wannan a sarari, domin a nan ne duk laifin yake: babu kalma ɗaya da ta wuce ni. Amsar ma na san ta. Gidan Gwaggo taku goma ne daga ajin, cike da jikoki, kuma ba a taɓa korar yaro daga tukunyarta ba. Kalma ɗaya ta Turanci ta isa ta sauke wa matar nan rabin nauyin da ke kanta.

Amma yara goma sha takwas sun bar marafan kwalba suna kallona.

Sai na tsara dabara a cikin daƙiƙa ɗaya: zan zaunar da yaran, in sa musu waƙa, in fita da ita waje inda ba sa ji, in yi mata magana. Na gyara murya na ce, da Hausar da ko a rediyo za a yi alfahari da ita, "Barka da zuwa, Maman Ada. Don Allah ki ɗan dakata mini, ina zuwa."

Ta kalle ni. Ta tattaro 'yar Hausar da ta sani. "Baba Ada... mota... ciwo. Jos. Ada zauna... yamma?" Tana yi tana nuna ƙasa da hannu biyu.

"To, to. Ki dakata," na ce, na juya mata baya na nufi yaran.

Ni a wurina juyawar minti ɗaya ce. Sai aka yi rashin sa'a yara biyu suka kama kokawa a kan marfi ja, na tsaya raba su, na tayar da waƙa, na tabbatar ta kama. Da na waiwaya, babu Maman Ada, babu Ada, babu jakarta a jikin ƙusa. Matar ta ga mutumin da aka ce mata ba ya jin Turanci ya gyaɗa kai ya juya baya, me kuma za ta jira? Na fita da gudu. Keken ya riga ya sha kwana.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma da Gwaggo ta dawo ta tambayi Ada, sai na ji bakina yana cewa, "Mahaifiyarta ta zo ta ɗauke ta. Da alama wani uzuri ne ya taso." Da alama! Gwaggo ta buga mata waya, ta ji labarin haɗarin, ta yi mata jaje. A lokacin sun yi nisa a hanya, ita kuma matar ba ta ga amfanin ta da maganar roƙon da ya riga ya wuce ba. Ni ma ban tayar ba.

Kwana goma sha ɗaya Ada ta yi ba ta zo ba. Ta dawo ta rame, tana tari, hannuwanta duk tabo. Lokacin tara ta zo ta zauna kusa da ni ta ba ni labari da Hausarta, cewa a kan kwali suke kwana a barandar asibiti, kuma Babanta ba ya iya tashi. "Sauro ya ci ni da yawa, Malam." Na ce mata sannu. Na ba ta biskit biyu maimakon ɗaya, na ɗauka hakan wani abu ne. Sannan na ci gaba da zama malamin da ba ya jin Turanci, domin a lokacin ba tsari nake karewa ba kuma, kaina nake karewa.

Ƙarshen zango Gwaggo ta shirya ranar iyaye. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ƙulla zoɓo. Wannan taron shi zai nuna ko iyaye za su bar 'ya'yansu a sabon tsarin ko za su kwashe su, kuma Gwaggo ta faɗa mana haka ba sau ɗaya ba. Na saka farar shadda da aka yi wa sitaci har tana iya tsayawa ba tare da ni ba. Yara suka yi waƙa da Hausa, suka yi da Turanci. Ada ta tsaya ta ba da tatsuniya 'yar gajeriya da Hausa daga farko har ƙarshe, mahaifinta yana zaune da sanduna biyu a gefen kujera yana ta murmushi duk da bai gane ko kalma ba. Aka yi tafi. Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'un da ke son a lura da tawali'unsa.

Sai aka ba iyaye dama su yi magana. Wani injiniya, mahaifin wani yaro mai suna Sadik, ya karɓi makirufo. Bahaushe ne, amma da Turanci ya yi magana, wataƙila don baƙi su ji, wataƙila kuma, kamar yadda na fahimta daga baya, don ya rufa mini asiri. Ya yaba wa Gwaggo. Sannan ya ce akwai abin da ke damunsa: ɗansa ya tabbatar masa cewa malamin safe bai san Turanci ba ko kaɗan. Ya ce shi ba ya raina kowa, amma yana so ya sani, a wannan zamani, wace irin takarda ce mutumin da bai iya ko gaisuwa da Turanci ba ya kawo aka ba shi aji?

Na ga Gwaggo ta miƙa hannu za ta karɓi makirufo. Da an bar ta, da jimla biyu ta kashe maganar cikin raha. Amma Maman Ada ta riga ta miƙewa.

Ba ta ma jira makirufo ba. Ta ce ita ba ta yarda a ci mutuncin bawan Allahn nan a gabansa ba, da harshen da ba zai iya kare kansa da shi ba. Ta ce ba kowa Allah ya ba damar zuwa makaranta ba, kuma rashin Turanci ba rashin hankali ba ne. Ta ce 'yarta yanzu ita ke yi mata ciniki da masu saye a shago, kuma wannan mutumin ne ya koya mata. Ta ce ranar da masifa ta same ta, ta zo ta yi masa magana bai gane ba, amma ta ga damuwa a fuskarsa, kuma ta tabbata da ya ji abin da take roƙo da ya taimake ta.

Mai karatu, mutumin kirki a nan zai so ƙasa ta tsage ya shige. Mai wayo kuma zai ci gaba da kallon gabansa kamar yadda ya saba wata uku. Ni ban zama ko ɗaya ba. Duk abin da matar nan ta faɗa, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: wai ban samu damar zuwa makaranta ba. Ni!

Ban san lokacin da na isa gaban rumfar ba. Na karɓi makirufo daga hannun Injiniya, na buɗe baki, Turanci ya zubo. Ba ƙaramin Turanci ba, irin wanda ake ajiyewa don ranar kare kundin bincike. Na faɗi matakin digirina. Na faɗi taken kundina. Na yi bayanin hikimar hana fassara, na kawo kalmomin da ni kaina sai da na duba ƙamus kafin na san su. Na kusa minti biyar ina yi, ina kallon Injiniya yana ƙara nutsewa cikin kujera, ina jin daɗi. (Na ma rufe da godiya ga mahalarta. Har da ɗan rusunawa.)

Ba wanda ya yi tafi. Sai a lokacin na lura Maman Ada ba ta zauna ba.

Ta tambaye ni da Turanci, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, ko ke nan ranar na ji abin da ta ce.

Harsuna biyu gare ni, na kuma gama nuna wa duniya haka, amma babu wanda ya zo mini a cikinsu. Na gyaɗa kai.

Ta ce, duka?

Na sake gyaɗa kai.

Ta zauna. Mijinta ya karkato yana tambayarta abin da ake ciki, ta ɗaga masa hannu alamar ya bari. Daga kan tabarmar yara kuma sai wata ƙaramar murya ta taso, da Hausa tsantsa, kowa yana ji:

"Malam, ashe kana ji? To me ya sa na yi ta koya maka?"

Wani daga baya ya yi dariya, ya kuma haɗiye ta da sauri. Anti Rifkatu, Allah ya saka mata da alheri, ta tafa hannu ta tayar wa yara da waƙa, aka fara raba zoɓo tun lokacinsa bai yi ba. Ni kuwa ina tsaye da makirufo a hannu, na rasa wanda zan miƙa wa.

Bayan an watse Gwaggo ta kira ni ɗakinta, ta ce in faɗa mata abin da ya faru ranar Talatar, kada in rage komai. Na faɗa.

"Katifa biyu ce a ɗakin yara ba mai kwana a kai," ta ce daga bisani. "Da ba ma sai ta je wurin maƙwabciya ba." Ta cire tabarau ta goge. "Na ce kada ka fassara wa yara. Yaushe na ce ka kurmance wa iyayensu? Gobe ka je ka ba ta haƙuri. Kuma da harshen da take ji, tunda yau mun ga kana da shi da yawa."

Na je Wunti washegari. Na same ta tsakanin bokitai da robobin wanka. Na yi tsammanin zagi, na ma shirya masa, domin da ta zage ni da na samu sauƙi. Sai ta jawo mini kujera, ta aika aka sayo mini lemo mai sanyi, ta saurare ni har na gama. Ta ce ta yafe, domin haka aka koya mata a coci. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo ba barandar asibitin ba ce, tsayuwar da ta yi a gaban mutane tana kare ni ce. Sannan ta ce sun riga sun yi magana da mijinta, Ada za ta koma wata makaranta kusa da kasuwa. Na shanye lemon, domin barinsa zai zama wani rashin kunyar.

Da aka dawo hutu, wasu iyayen ma ba su dawo da nasu ba. Wasu sun ce ba za su bar yaro a hannun mai yi masa ƙarya wata uku ba, Injiniya kuma ya ce shi ba a taɓa tozarta shi a taro irin haka ba. Yaran da suka rage sun gano ni. Duk wanda ya ga dama sai ya yi mini Turanci, idan na karkata kai sai su fashe da dariya su ce, "Kana ji, Malam!" Kafin tsakiyar zango Gwaggo ta haɗe ajin a hannun Anti Rifkatu, ta ce za ta sake gwada tsarin idan ta samu wanda ya san bambancin aji da bakin ƙofa. Ni kuma na koma zauren Ƙofar Wambai.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma bai yi mini daɗi ba. Na iya jure hawayen mace mai neman taimako saboda abin da na kira ƙa'ida, amma ban iya jure minti ɗaya na a ɗauka ban yi boko ba. Yanzu duk lokacin da na ji kaina ina cewa "tsari ne", nakan tsaya in duba ko akwai wanda ke tsaye a bakin ƙofa.

Abin da aka rasa: ɗalibai shida cikin goma sha takwas, ajin safe ɗaya, aiki ɗaya, da kwana goma sha ɗaya na yarinya 'yar shekara biyar.